Yadda Ake Shirya Majigin Adabi Kyauta a Ɗakin Karatu a Kano

Majigin adabi zama ne da ake haɗa littafi da fim ɗin da aka ciro daga cikinsa. A karanta wani yanki da babbar murya, a kashe fitila a kalli fim, a kunna fitila a yi muhawara, wanda ransa ya biya ya ari littafin ya tafi da shi gida. Ba a karɓar ko sisi a bakin ƙofa. Mutum huɗu ko biyar masu himma sun isa su tayar da shi a Kano, muddin sun san abin da suke nema tun farko. Wayoyin hannu da gidajen kallo sun riga sun wadata mutane da fim, ba wanda zai hau adaidaita sahu daga Kurna ko Sheka don kawai ya ga hoto a bango. Littafin shi ne jarin ɗakin karatu. Saboda haka duk shawarar da za ku yanke, tun daga zaɓen fim har jeren kujeru, ku tambayi kanku ko za ta sa wani ya buɗe littafin.

Ku fara da littafin

Kada ku zaɓi fim sannan ku shiga neman littafinsa. Sau da yawa za ku tarar ya ɓace daga kasuwa, ku ƙare da kallo zalla. Ku fara zagaya masu sayar da littattafan Hausa a wajen Bata da kasuwar Sabon Gari, ku duba kantocin ɗakin karatun kansa, ku rubuta waɗanda ake iya samun kwafi biyar zuwa goma nasu. A cikin waɗannan ne za ku tace waɗanda aka mayar fim.

Abin da za a zaɓa yana da yawa fiye da yadda ake zato. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, aka daɗe ba a jin ɗuriyarsa, sai daga baya aka gyara shi daga kwafin da ke ajiye a Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin ta ƙasar Jamus a 2018. Labarin ya ratsa ta Kano, don a nan ne Balarabe Abdulkarim ya karɓi Umar yana yaro ya ƙetara hamada da shi. Akwai Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda Brendan Shehu ya ba da umarnin fim ɗinsa a farkon shekarun 1990. Sai kuma littattafan zamanin adabin kasuwar Kano, waɗanda su ne suka shayar da fim ɗin Hausa na bidiyo a farkon tashinsa: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa. Dukansu an yi fim ɗinsu.

Da ni za a tambaya, da kashi na ƙarshen nan za a buɗe. Shaihu Umar ya haura awa biyu, tafiyarsa a hankali take, izininsa kuma sai an rubuta wa Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da ke Jos an jira amsa. Ku ajiye shi sai zama na uku ko na huɗu, lokacin da kuka sami mutanen da suka saba zuwa. Littattafan soyayya da na zaman aure kuwa akwai matan da suka karanta su suna 'yan mata, yau ga su da 'ya'ya a jami'a. Su ne za su cika muku ɗaki, kuma su ne za su fi kowa magana.

Duk fim ɗin da kuka zaɓa, mutum biyu a cikinku su zauna su kalle shi daga farko har ƙarshe, littafin yana hannunsu. Su rubuta mintin da kowane babban al'amari ya faru da shafin da ya yi daidai da shi. Su lura da inda sauti ya mutu ko hoto ya dushe, domin tsofaffin fina-finan nan daga kaset aka juyo su, wasu kwafin kwafi ne. Su kuma lura da abin da bai dace da yara ba.

Izini uku

Na farko na masu ɗakin ne. Babban ɗakin karatu na jiha shi ne na Murtala Muhammad da ke kan titin Ahmadu Bello, a ƙarƙashin Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jihar Kano. Ku rubuta takarda shafi ɗaya zuwa ga shugaban hukumar. Ku faɗi ko ku su wane ne, sunan littafi da fim, rana da lokaci, yawan mutanen da kuke tsammani, cewa shiga kyauta ce, da cewa za ku share ɗakin ku mayar da kujeru. Ku kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi ku riƙe. Kada ku tsaya ga takarda. Ku nemi ganin jami'in da ke kula da zauren taro, ku gaisa yadda ya kamata, sannan ku ce, "Ranka ya daɗe, so muke mu jawo matasa su san hanyar ɗakin nan, ko za a taimaka mana da zaure sau ɗaya a wata?" A wannan zaman ku tambayi abu uku ƙarara: ko akwai kuɗin zaure, wa ke riƙe da makulli ranar Asabar, kuma ko ana ba da aron littafi a fita da shi. Amsar ta ukun ce za ta nuna muku ko sai kun tanadi naku kwafin.

Na biyu na mai fim ne, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Rashin karɓar kuɗi a ƙofa bai mayar da fim ɗin naku ba, haka ma ganinsa a YouTube. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta bar wa mai fim ikon nuna shi a bainar jama'a. Sa'ar da kuka yi ita ce yawancin masu fina-finan nan a Kano suke. Ofisoshin 'yan fim suna nan birjik a titin Gidan Zu, ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN za ta iya haɗa ku da furodusa, reshen Kano na ƙungiyar marubuta ta ANA kuma ya san inda marubucin yake. Ku nemi izinin a rubuce, ko da layi uku ne da sa hannu, a ambaci rana da wuri. Ku roƙi kwafi mai kyau daga hannunsa, ku kuma gayyace shi. Tsohon furodusan da aka daɗe ba a tuna da aikinsa ba, in ya ji za a karanta littafin a tattauna, da wuya ya ƙi.

Na uku, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Nuna fim ga jama'a a jihar nan yana ƙarƙashin kulawarta. Ku je da kwafin takardar ɗakin karatu da ta mai fim, ku sanar da su, ku bi abin da suka ce. A yi wannan da mako uku ko huɗu a gaba.

Rana da lokaci

Asabar da hantsi ta fi, a fara ƙarfe 10:00 a tashi kafin azahar. Da yamma akwai ɗaurin biki da ƙwallon Ingila, da dare kuma mata da yawa ba za su fito ba. Ku kauce wa Asabar ɗin ƙarshen wata saboda tsaftar muhalli, don ba a zirga-zirga da safe. A watan azumi ku huta. In fim ya yi tsawon da zai ci lokacin salla, ku san mintin da za ku tsayar da shi tun a gida, a wurin da labari ya ɗan numfasa, ku sanar da haka tun a jawabin buɗewa.

Ɗaki da kayan aiki

Ku je ku ga zauren a daidai lokacin da za ku yi taron, ba da yamma ba, don ku ga ta inda rana take shigowa. Hasken hantsin Kano yana kashe hoto. Tagogin gabas su ne matsala. Labule mai kauri, ko baƙin yadi, ko kwali da salatif, duk suna aiki. Amma in kun toshe tagogi kun toshe iska, kuma daga Maris zuwa Mayu zafi yana kai maki 40. Ku ƙirga fankokin da ke aiki, ku aro na tsaye in sun gaza, ku tanadi ruwan leda mai sanyi.

Na'urar majigi ba sai kun saya ba. Makarantu da ƙungiyoyi da masu haya suna da ita. Ku nemi mai ƙarfin haske lumen 3,000 ko fiye. Ƙananan nan masu arha da ake tallatawa a intanet na ɗakin kwana ne, a zaure ba abin da za a gani sai inuwa. In babu allo, farin bango mai santsi ya wadatar, ko farin yadi da aka ɗaure kusurwoyinsa huɗu tamau don kada fanka ta riƙa kaɗa shi. Ƙasan hoton ya ɗara kan mutumin da ke zaune, in ba haka ba na baya hula da ɗankwali kawai za su kalla.

Sauti ya fi hoto muhimmanci. Mutane za su jure hoto mai hazo, amma da zarar sun daina jin abin da ake faɗa sai hira ta ɓarke. Lasifikar cikin na'urar majigi ba ta isa ba. Ku kawo babba guda ɗaya ko biyu, ku ajiye a gaba kusa da allo, a ɗora kan tebur ko kujera, kada a bar ta a ƙasa. Wani ya je layin ƙarshe ya saurara yayin da ake daidaitawa, a tuna kuma cewa cikakken ɗaki yana shanye sauti fiye da wanda ba kowa. Ku kula da masu karatu a sauran sassan ginin. Ɗaliban da ke shirin jarrabawa ba su zo kallo ba, kuma ƙorafinsu ɗaya ya isa a hana ku zaure. A rufe ƙofar da ke fuskantarsu. Makirufo biyu: ɗaya na mai gabatarwa, ɗaya mai yawo cikin jama'a.

Fim ɗin ya kasance a cikin kwamfutar, da wani kwafin a filashi. Kada ku dogara da intanet ranar taro. Manhajar VLC kyauta ce kuma tana buɗe kusan kowane irin bidiyo. Ku zo da wayar HDMI biyu, wato mai haɗa kwamfuta da na'urar majigi, da doguwar wayar wuta mai soket da yawa, a manne ta a ƙasa da salatif inda mutane ke wucewa. A kashe sanarwar WhatsApp a kwamfutar, kada saƙon gidan wani ya fito a bango.

Sai wuta. Ku ɗauka za a ɗauke. Na'urar majigi mai ƙwai tana cin wajen wat 300, in aka haɗa da lasifika da kwamfuta da fanka biyu ƙaramin janareta zai ɗauka. A ajiye shi waje, nesa da taga saboda hayaƙi da ƙara, a cika shi da mai tun kafin a fara, a sa sitabilaiza tsakaninsa da na'urar. Dabarar da ta fi ita ce a ɗora kayan kallon a kan janareta ko inbata tun daga farko, ko da akwai wuta, don kada fim ya yanke ana tsakiyar kuka. In an gama, a kashe na'urar ta maɓallinta a bar fankarta ta huce ƙwan kafin a zare waya. Zarewa da zafi ne yake rage wa ƙwan kwana, ga shi da tsada, ga shi na aro.

Wajen jera kujeru, mata gefe guda maza gefe guda, da hanya mai faɗi a tsakiya, yara a gaba kan tabarma. Sunan silima bai taɓa yin daɗi a kunnen iyaye a garin nan ba, kuma wannan tsarin ne zai sa uba ya bar 'yarsa ta dawo. A bar fitila ɗaya mai rauni a baya, kada ɗakin ya yi duhu ɗulum. Ƙofofi kuwa kada a kulle ko ɗaya da kwaɗo, kada a jingina musu kujera. Dattawan Kano ba su manta gobarar silimar El Duniya ta 13 ga Mayu, 1951 ba, wadda ta ci mutum 331. Ku san inda abin kashe gobara yake, jarkar fetur ta zauna nesa da janareta, kuma in kujeru sun cika a daina shigar da mutane, a ba su haƙuri da alƙawarin zama na gaba.

Duk wannan a gwada shi ranar jajibiri, a zauren, da kayan da za a yi amfani da su.

Gayyata

Takardar sanarwa ta ɗauki hoton bangon littafin, sunansa ya fi na fim girma. A rubuta "Shiga kyauta" da lokacin farawa da na tashi, don mai neman izini a gida ya san abin da zai faɗa. A tura ta WhatsApp da Facebook, a manna a allon ɗakin karatu. Wanda ya fi kawo mutane shi ne malamin Hausa na sakandare: ku same shi, ku ce, "Malam, ga littafi ga fim, a ba mu ɗalibai 20." Haka Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero. Gidajen rediyon Kano suna da shirye-shiryen adabi, kuma masu gabatar da su suna maraba da irin wannan labari.

Ranar taro

Ku iso da awa biyu a gaba. A bakin ƙofa a sa tebur, littattafan a baje a kai, da rajistar suna da lambar waya ga wanda ya yarda. Kowa sai ya wuce ta gaban littafin kafin ya zauna.

A buɗe da addu'a, a yi maraba cikin minti biyu. Ku yi hattara da jerin manyan baƙi. In aka ce kowane mai girma sai ya yi jawabi, azahar za ta yi ba a kunna fim ba. A gaishe su da sunansu, a ba su kujerar gaba, a ce za a ji daga bakinsu bayan kallo.

Daga nan sai karatu, wanda shi ne zuciyar zaman. Minti bakwai zuwa goma, shafi biyu ko uku, ba ƙari. A zaɓi mai karatun da ya iya, wanda ya yi bita a gida, ya san inda zai dakata da inda zai sauya murya. Ba dole sai marubuci ko malami ba, wata ɗalibar 'yar aji biyar ta fi su. A zaɓi wurin da fim ɗin ma ya nuna, kuma a tsaya inda rai ke son ci gaba. A Alhaki Kuykuyo Ne, misali, wurin da Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta ya isa. Idan aka zo wannan wurin a fim za ku ji ɗakin ya motsa, ana taɓa juna, don kowa ya riga ya zana nasa hoton a ka, yanzu yana gwada shi da na darakta.

Lokacin kallo mai gabatarwa ya yi shiru. Kada a riƙa tsayar da fim ana sharhi. In jama'a sun yi dariya ko salati ko tsaki, a ƙyale su, haka ake kallo a nan.

Fim na ƙarewa a kunna fitila a shiga tattaunawa nan take, kafin a fara neman takalma. "Me za ku ce game da fim ɗin?" tambaya ce da ba ta haifar da komai sai shiru, ko wani ya miƙe ya yi godiya ta minti biyar. A yi tambaya mai ƙugiya. Me kuka ji a karatun da ba ku gani a fim ba? Fuskar da kuka ba wannan matar a ranku, ita ce wadda kuka gani? A littafi marubuci yana shiga zuciyar mutum ya faɗa mana abin da yake saƙawa, to da kyamara ta kasa shiga, me darakta ya yi a madadin haka, waƙa ya sa, ko ƙawa ya ƙirƙiro da za a faɗa wa? Me ya sa aka sauya ƙarshen, in an sauya? Anan takardar nan ta minti da shafi take amfani: a mayar da fim kan wani wuri na minti biyu, a sake karanta sakin layin da ya dace da shi, a bar mutane su yi hukunci.

Makirufo ya riƙa zuwa ɓangaren mata da na maza bi da bi. In ba a yi haka da gangan ba, maza uku ne za su cinye lokacin. Mai gabatarwa ya iya cewa, "Hajiya, ke da kika karanta shi tun fitowarsa, yaya kika gani?" Ya kuma iya katse mai dogon bayani cikin ladabi: "Allah ya gafarta Malam, a ɗan taƙaita mana saboda lokacin salla." In kun gayyato malamin jami'a, ya yi magana a ƙarshe, minti goma. In ya fara, ba ɗalibin da zai ƙara buɗe baki. Marubuci ko darakta ma haka, a bar shi ya ji yadda aka fahimce shi tukuna. Za a samu mai cewa fim ɓata tarbiyya ne, littattafan soyayya kuma sun fi. Kada a hana shi, muhawara ce da ta girmi yawancin waɗanda ke ɗakin. A tambaye shi wane wuri ne a wannan littafin yake nufi, a buɗe shafin.

Minti 30 zuwa 40 sun isa. A tashi mutane suna da sauran magana.

Aro da kuɗi

Kafin addu'ar rufewa a ɗaga littafin sama a faɗi yadda ake samunsa. In ɗakin karatu yana yin rajista, a roƙi ma'aikaci ɗaya ya zauna da fom a teburin ƙofa. In ba a fita da littattafansu, ku ba da naku: suna, lambar waya, a dawo da shi ranar zama na gaba. Wasu kwafin ba za su dawo ba, ku sa wannan a lissafi. In marubucin yana da na sayarwa, a nemi yardar hukuma ya baje.

Kuɗin da za ku kashe na mai ne, da ruwa, da buga sanarwa, da sayen littattafai, da ɗan abin da za a ba masu gadi da shara waɗanda suka fito ranar hutu saboda ku. Karo-karo tsakaninku zai ɗauki zaman farko. In wani mai hali ya ce zai ɗauki nauyi, ku ce ya sayi littattafai a buga hatimin sadaka a ciki. Ɗan siyasa mai son a rataya hotonsa a bayan allo kuwa, a yi masa godiya a bar shi, don ɗakin na kowa ne.

Cikin mako guda ku kai wa shugaban hukumar rahoto rabin shafi: mutum nawa suka zo, nawa suka yi rajista, littafi nawa aka ara, da hoto biyu ko uku waɗanda aka ɗauka da yardar masu ciki. A ƙasan rahoton ku rubuta ranar zama na gaba da sunan littafin, ku nemi a sa muku hannu a kan zauren tun yanzu. Kwafin littafin na gaba kuma su riga su isa teburin ƙofa tun a wannan zaman, don masu son karantawa kafin kallo su sami wata guda cur.